Zaɓen Kayan Amarya da Mayafin da Ya Dace da Su

A wurare da yawa na duniya, idan aka ce rigar aure, riga ɗaya ake nufi, wadda amarya za ta sa rana ɗaya. A ƙasar Hausa ba haka abin yake ba. Bikin aure yakan ɗauki kwana uku ko huɗu, a da ma har kwana bakwai, kuma kusan kowace rana da irin tufafin da amarya za ta sa. Shi ya sa aka fi cewa "kayan amarya" ko "kayan fitar biki". Kayan suna canzawa daga rana zuwa rana, amma akwai abu ɗaya da ba ya barin kan amarya tun daga ranar da aka kama ta har ta shiga ɗakin mijinta. Wannan abu shi ne mayafi.

Kalmar mayafi ta fito ne daga aikatau "yafa", wato a ɗora zane a ka ko a kafaɗa ba tare da an ɗaura shi ba. Gyale mayafi ne marar nauyi. Ɗankwali, ko kallabi, shi ne wanda ake ɗaurawa a ka, sannan a yafa mayafi a bisansa. Hijabi kuwa ɗinkakke ne, yana da wurin fitar da fuska. Idan mace ta ja mayafi ta rufe kanta da fuskarta, sai a ce ta yi lulluɓi. Ɗalibin da ya taso a ƙasar Yarabawa ya lura da wannan: gele da gyale sun yi kama a kunne, amma aikinsu daban. Gele ɗaurin kai ne, Hausawa kuma suna kiran irin wannan babban ɗauri gwaggwaro. Gyale ya fi kusa da ipele, zanen da matan Yarabawa suke saɓawa a kafaɗa.

Daga ina kayan suke fitowa?

Yawancin tufafin amarya daga lefe suke fitowa. Lefe shi ne kayan sawa da na ado da ango yake haɗa wa amarya, 'yan'uwansa mata su kai gidan iyayenta kafin biki. Asalin kalmar sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, domin a cikinsa ake zuba kayan a zamanin da. Daga baya aka koma kwalla, sannan fantimoti, yau kuma jerin akwatuna ake kaiwa. A ciki akan sami atamfofi da lesuna da shadda da mayafai da takalma da jakunkuna da kayan shafa. Lefe al'ada ce, ba sharaɗin aure ba. Sadaki shi ne wajibi a Musulunci. Duk da haka, kuɗin lefe yakan ninka na sadaki sau da yawa, kuma akwai auren da yake jinkiri saboda shi.

A da amarya ba ta da ta cewa game da abin da za a saya mata. Kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba, kuma ba wanda zai tambaye ta. Yayar ango ko gwaggonsa ita ce mai zuwa kasuwa. Yanzu abin ya sassauta. Akan aiko a tambayi lambar takalminta da launin da ta fi so, wasu angwayen ma kuɗin suke bayarwa, ita da 'yan'uwanta su sayo da kansu. Wannan canji ya rage ɓarna, domin a da akan tarar da takalmi ƙafa biyar a lefe, babu ko ɗaya da ya shiga ƙafar amarya.

Irin yadin da ake zaɓa

Babbar kasuwar tufafi a Arewa ita ce Kantin Kwari da ke Kano. Masu saye suna zuwa can daga jihohin Nijeriya, da kuma Nijar da Chadi da Kamaru. Cinikin tufafi a Kano ba sabon abu ba ne. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo birnin a 1851, ya kuma rubuta yadda ake kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. A cikinsu akwai turkudi, baƙin zane mai sheƙi da ake rinawa da baba, a buga shi a mabuga har ya yi ƙyalli. Garin Kura ya yi suna a wannan sana'a, kuma har yau ana rini a karofin Ƙofar Mata.

Amaryar yau dai ba ta cika sa turkudi ba. Abin da aka fi saya mata uku ne: atamfa da leshi da shadda.

Atamfa yadin auduga ce mai zane-zane. Turmi ɗaya yadi 6 ne, yadi ɗaya kuma santimita 91 ne, wato bai kai mita ɗaya ba. Fasahar buga ta kwaikwayo ce ta rinin mutanen tsibirin Jaba a ƙasar Indunusiya. Wadda mata suke kira Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a 1846 a garin Helmond na ƙasar Holan. An yi zamanin da masaƙun Kaduna da Kano suke buga atamfa mai yawa. Babbar masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya. Yawancinsu sun rufe, yau kuma kaso mai yawa na atamfar da ke kasuwa daga ƙasar Sin yake zuwa. Wannan ya jawo wata matsala ga mai saye: zane iri ɗaya yakan fito a atamfa mai tsada da mai araha, sai gwana ce take bambance su. Takan murza bakin yadin ta ji laushinsa, ta duba ciki da baya ta ga ko launin ya kama daidai.

Leshi yadi ne mai aikin zare, sau da yawa da huji-huji. Yawanci yadi 5 ake sayarwa. Masu daraja daga Siwizalan suke zuwa, da kuma garin Lustenau na ƙasar Ostiriya, inda 'yan kasuwar Nijeriya suke sayayya tun shekarun 1960. Shadda kuwa yadi ce mai ƙarfi da sheƙi, zanenta a cikin saƙar yake. Wadda ake kira gezna ta sami sunanta daga kamfanin Getzner, shi ma a Ostiriya yake. Maza sun fi sa shadda, amma mata suna ɗinka doguwar riga da ita, a yi mata aiki a wuya da hannu.

Akwai kuma kayan gargajiya da suke dawowa. Ranar kamu, amare da yawa suna sa saƙi, wato yadin da masaƙa suka saƙa da hannu, wani lokaci farin saƙi irin na Fulani. A gidajen sarauta akan yafa wa amarya alkyabba. Laffaya kuma, wadda ta shigo daga Barno, yadi ne guda mai tsawo da ake naɗewa a jiki tun daga ƙafa har ka. Ita laffaya riga ce, mayafi ce, saboda haka mai sa ta ta huta da neman abin da zai dace da ita.

Wace rana, wane kaya?

Al'ada ta bambanta daga gari zuwa gari, amma tsarin kusan ɗaya ne. Ranar kamu, 'yan'uwan ango mata suke zuwa neman amarya, ƙawayenta su ɓoye ta, sai an biya su kuɗi kafin su fito da ita a fesa mata turare. A wannan rana a lulluɓe take. Ranar sa lalle ba a sa kaya masu tsada, domin lalle idan ya taɓa yadi ba ya fita. Ranar ɗaurin aure maza ne suke taruwa a masallaci ko ƙofar gida, waliyyin amarya da wakilin ango su yi magana a madadinsu. Amarya tana cikin gida tare da mata, kuma a nan ne takan sa mafi kyawun leshinta. Da dare ko washegari sai a kai ta gidan miji.

Farar doguwar riga irin ta Turawa ita ma ta sami wuri. Sarauniyar Ingila Biktoriya ce ta sa farar riga a bikinta a 1840, daga nan abin ya yaɗu a duniya. Hausawa Kiristoci, kamar na Wusasa a Zariya, suna sa ta ranar ɗaurin aure a coci. Wasu amare Musulmi a birane suna sa ta a liyafar dare, sai dai akan ɗinka ta da dogon hannu da rufaffen wuya.

Yadda ake dacewa da mayafi

A nan ne aka fi yin kuskure. Mutane sukan kashe kwana da kwanaki wajen zaɓen leshi, sannan ana gobe biki a aiki yarinya kasuwa ta sayo mayafi. Alhali kuwa mayafi shi ne abin da ido yake fara gani. Amaryar da ke zaune a tsakiyar taro, kanta a sunkuye, rabin rigarta a rufe yake. Abin da mutane suke gani, kuma abin da zai fito a hoto, mayafi ne da hannuwa masu lalle.

Abu na farko shi ne launi. Hausa tana da sunayen launi na asali kamar fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya. Sauran kuwa da kalmar "ruwan" ake gina su, a haɗa da sunan abin da yake da wannan launi: ruwan goro, ruwan hoda, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan madara, ruwan gwal, ruwan ɗorawa. Wannan hanya tana da daɗi, amma tana da haɗari a kasuwa. Zuma iri-iri ce, wata ta yi duhu, wata ta yi haske. Ruwan zumar da ke zuciyar mai saye ba lalle ne ya zama wanda ke zuciyar mai sayarwa ba. Saboda haka ba a sayen mayafi da baki. Akan tafi da yadin, ko a yanki ɗan ƙyalle daga bakinsa a tafi da shi.

Atamfa takan zo da launi uku ko huɗu. Akwai launin da ya fi yawa, akwai kuma ƙananan da suke cikin furannin. Matan da suka san kaya ba su cika ɗaukar launin da ya fi yawa ba. Mu ɗauka atamfar shuɗiya ce, da ɗigon ruwan goro nan da can. Idan aka yafa mata shuɗin mayafi, amarya za ta zama shuɗiya daga sama har ƙasa, zanen atamfar ya ɓace. Idan aka yafa ruwan goro, sai ɗigon nan ya fito fili, kayan su haskaka. Takalmi da jaka sai su bi mayafin.

Idan kuma ana son mayafi da riga su zama launi ɗaya, kamar yadda ake yi da leshi, to lalle su zama ɗaya sak. Ja biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba sun fi muni a ido bisa ja da fari. Wanda ya gani zai san an nema ne ba a samu ba. Hasken lantarki na cikin kanti yana ruɗin ido, musamman a tsakanin shuɗi da kore, ko fari da ruwan madara. Shi ya sa za ka ga mace ta fito da yadi bakin ƙofar kanti tana dubawa a rana. Ga irin maganar da akan ji a irin wannan wuri:

"Alhaji, a ba ni mayafin da zai hau wannan leshin."

"Hajiya, ga wannan, kamar don shi aka yi."

"A'a, bari in fita da shi waje tukuna. Ka gani? Naka ya fi nawa duhu."

"To Hajiya, a duba na ƙasan. Allah ya sa alheri, bikin wa muke yi?"

"Na ɗiyar ƙanena."

A lura da kalmar "hau" a nan. Idan aka ce mayafi ya hau kaya, ana nufin ya dace da su. Idan kaya suka yi wa mutum kyau, sai a ce sun karɓe shi. Mayafi yana iya hawa leshi amma bai karɓi amarya ba, domin shi ne yake kewaye da fuskarta. Saboda haka yana da kyau a kara shi kusa da fuskarta kafin a biya kuɗi. Baƙar mace da fara da wankan tarwaɗa, kowace akwai launin da yake fito da ita.

Abu na biyu shi ne ado. Idan rigar ta cika da aiki da duwatsu, mayafin ya zama marar hayaniya, ko a yi masa ɗan aiki a baki kawai. Idan rigar ba ta da ado sosai, to mayafin yana iya ɗaukar aikin. Duwatsu suna da wata illa da ba a ganewa sai ranar biki: suna da nauyi, suna jan mayafi baya, amarya ta yini tana gyarawa. Suna kuma kama zaren leshi su ja shi. Mai hankali takan goga mayafin a jikin yadin tun a kasuwa ta ga ko zai kama.

Na uku shi ne kauri da girma. Gyalen yau da kullum bai cika wuce yadi 2 ba. Na amarya yakan fi haka, domin dole ya rufe kai da fuska da kafaɗu, ya sauka har bayanta. Idan ya cika shara-shara, lulluɓin bai yi amfani ba, kuma tsofaffin gidan miji za su yi magana. Idan ya cika kauri, amarya ba za ta ga gabanta ba, ga zafi. Bikin da aka yi a watan Afrilu, lokacin bazara, ba daidai yake da na Disamba ba, lokacin hunturu. Wanda ake so shi ne mayafin da amarya za ta iya ganin inda take taka ƙafa ta cikinsa, na waje kuwa ba ya ganin fuskarta sosai.

Sai a gwada ko yana zuba. Akan jiƙa gefensa da ruwa, a goga a farin ƙyalle. Idan launi ya fito, to gumi da turare za su sauke shi a kan rigar. Amarya kuwa turare ake yi mata ba kaɗan ba. A kula kuma da turaren wuta: yawancin mayafan kasuwa zaren roba ne, tartsatsi ɗaya daga kasko ya isa ya huda su.

Tela da lokaci

Bayan saye sai ɗinki. Hausawa suna yi wa tela ba'a a kan saɓa alkawari, amma ba kullum ne laifin yake nasa ba. Bukukuwa sukan taru a lokaci ɗaya: kafin azumi, bayan salla, da ƙarshen shekara. Telan da aka kai wa kaya kala biyar saura mako ɗaya biki, ga ɗinkin salla a gabansa, ko dai ya makara ko ya ɓata yadin. Gara a kai da wata ɗaya ko fiye, a yi awo, a koma a gwada, a bar kwanakin gyara. Leshi mai huji yana bukatar shafi, wato yadin da ake sawa daga ciki, kuma launin shafin yana canza kamannin leshin gaba ɗaya. Farin leshi a kan shafi ruwan hoda ya zama wani abu daban. Don haka a tsai da shawarar shafi kafin a sayi mayafi. Idan za a yi wa mayafin aiki irin na rigar, a ba mutum ɗaya su duka biyun, don zaren ya zo ɗaya.

Kada ɗinkin ya matse. Amarya za ta zauna a ƙasa, za ta durƙusa gaban iyayenta su yi mata nasiha, za ta durƙusa gaban surukai. Rigar da ba a iya durƙusawa da ita ba ta yi wa amaryar Hausawa amfani ba, komai kyanta.

Maganar kuɗi

Hausawa suna cewa araha ba ta ado, kuma akwai gaskiya a ciki: mayafi mai arahar gaske yakan koɗe a wanki ɗaya. Amma su ne kuma suke cewa daidai ruwa daidai tsaki. A birane yanzu akwai amaren da suke canza kaya sau biyu ko uku a taro ɗaya, kowane da mayafinsa da takalminsa. Ga kuma anko, wato yadi iri ɗaya da ake fitarwa ƙawaye da dangi su saya su ɗinka, kamar aso ebi na Yarabawa. Yarinyar da ƙawayenta uku suka yi aure a wata ɗaya, anko uku ke nan a wuyan iyayenta. Akwai gidajen da suke shiga sabuwar rayuwa da bashin kayan da aka sa na awa huɗu.

Wasu sun sami mafita ta hanyar haya, musamman ga farar riga da alkyabba da sarƙoƙi, waɗanda ba a sake sawa bayan biki. Tsofaffi ba su cika son wannan ba, sukan ce zanen aro ba ya rufe katara. A ganina haya ba abin kunya ba ce ga rigar da za a sa sau ɗaya. Atamfa da leshi ne ya kamata a saya masu kyau, domin amarya za ta yi shekaru tana sa su zuwa suna da biki da gaisuwa. Wata dabarar ita ce a zaɓi kaya biyu ko uku da mayafi ɗaya zai hau su. Ruwan gwal da ruwan madara da ruwan toka suna shiga kaya da yawa.

Mayafin kai amarya

Akwai mayafi ɗaya da ya fi sauran muhimmanci, shi ne na daren da za a kai amarya. Wannan ba don hoto ake zaɓensa ba. Akan so shi babba, mai ɗan kauri, mai laushi, domin a cikinsa amarya take kuka idan tana sallama da mahaifiyarta, da shi kuma take share hawaye. Mai duwatsu yana karce fuska. A wasu gidaje ma ba sabo ake sawa ba, uwa ko kaka ce take fito da zanenta ta lulluɓa mata.

Gwaggo ko inna ce take riƙe hannunta har ɗakin miji, ta ce mata ta shiga da ƙafar dama da bisimilla. A lulluɓe za ta zauna a bakin gado. Idan ango ya shigo da abokansa, ba za ta yi magana ba sai an sayi bakinta, wato an ba ƙawayenta kuɗi ko kyauta. Washegari ko bayan 'yan kwanaki sai a yi buɗar kai: a kai ta gaban uwar miji da sauran dangi, a ɗaga mayafin su ga fuskarta, su yi mata kyauta, su sa albarka. Daga ranar ta daina lulluɓi a cikin gidan. Mayafin kuma sai a wanke shi, a turara, a ninke a ƙasan akwati, har ranar da za ta fara zuwa gaida iyayenta.